Mudi Na-Iya da Ƙarfen Askin Sarkin Tasha

Duk unguwar Hausari ta Nguru babu wanda bai san Mudi Na-Iya ba. Ba ranar suna aka raɗa masa wannan laƙabi ba, bakinsa ne ya jawo masa. In famfo ya lalace, Mudi ya iya. In akuya ta kasa haihuwa, Mudi ya iya. Akwai shekarar da ya kwance fankar maƙwabcinsa ya ce zai ƙara mata gudu, da ya mayar da ita sai ta koma juyawa da baya, tana kwashe 'yar iskar da ke ɗakin tana kai wa silin. Sana'arsa ta gaskiya sayar da bandar kifi ce a bakin kasuwa, ita ma matarsa Saudatu ta fi shi sanin kanta.

Abin ya faro ne da damina, ranar da rufin ɗakin marigayi kakansa ya fara yoyo. Mudi da Saudatu suka jawo wata tsohuwar adaka waje don kada ta jiƙe. Kakan nan ya shekara talatin yana gadin ƙofa a tashar jirgin ƙasa ta Nguru, don haka abin da ke cikin adakar bai wuce hular ma'aikatan reluwe da asu ya cinye ba, sai usur, sai wata fitila mai jan gilashi. Can ƙasa kuma ga wani ɗan akwati da bai fi tafin hannu ba.

Mudi ya buɗe. A ciki akwai wani ƙarfe mai nauyi, launin azurfa, mariƙinsa gajere, kansa shimfiɗaɗɗe kamar 'yar fartanya. In ka murza gindin mariƙin sai murfin kan ya wangame baki, in ka mayar ya rufe. A gefensa ga rezoji irin masu baki ɗaya da kauri a baya, tsatsa ta manne su sun zama dunƙule guda.

"Wannan kuma mene ne?" in ji Saudatu.

"Ba za ki gane ba. Ƙarfen aski ne na manya. Na sarkin tasha ne, Bature."

"Wa ya gaya maka?"

"Nauyinsa. Talaka ba ya aski da abu mai nauyi haka."

Kafin ya isa teburin mai shayi washegari, labarin ya yi ƙiba. Kakansa ne yake yi wa sarkin tasha aski kowace safiya, jirgin Kano ma ba ya tashi sai an gama. Ranar da Baturen zai koma ƙasarsu ya rungume tsohon yana hawaye, ya damƙa masa ƙarfen, ya ce kada ya bari ya fita daga zuriyarsa.

"Aski a jininmu yake," in ji Mudi, yana murza ƙarfen yana buɗewa yana rufewa a gaban jama'a.

Ɗan'auta wanzami yana zaune a ƙarshen benci da zabirarsa a cinya. Tsoho ne da ya aske kawunan rabin unguwar tun suna cikin zanen goyo. Ya kurɓi shayinsa ya ce, "Ni dai na san kakanka. Kansa ma ni nake aske masa. Ko farce bai iya yankewa daidai ba, Allah ya jiƙansa."

"Sirri ne tsakaninsa da Bature, Baba. Ba kowa ake gaya wa ba."

Ɗan'auta ya karɓi ƙarfen ya jujjuya shi. "Abu ne mai kyau, na taɓa ganin irinsa. Amma yana da ladabinsa. Kwantar da kansa ake yi a jikin kumatu, kuma ba a danna shi. Nauyinsa kaɗai ya isa. In ka ɗaga shi tsaye kamar mai noma, to noman kuwa za ka yi."

"Baba, ku naku zamanin aska ne da fata. Wannan kimiyya ce."

"To, Allah ya ba kimiyya sa'a," in ji tsohon, ya miƙa masa abinsa.

Matsalar farko reza ce. Mudi ya zaga kasuwar Nguru kaf, duk inda ya je mai baki biyu ake nuna masa, ita kuwa ba ta zama a cikin ƙarfen. Sai a shagon Ibram mai kayan fenti ya hango irin wadda yake nema, a cikin wani kwali kusa da kwalaben tinar tsinka fenti.

"Ga su nan ashe. Ba ni kwali guda."

"Gilashi za ka kankare?" in ji Ibram.

"Aski zan yi."

"Mudi, wannan ta kankare fenti ce daga taga. Masu gyaran mota ma da ita suke ɓamɓare tsohuwar sitika."

"Reza dai reza ce. Wadda ta iya da fenti, gashi zai gagare ta? Ƙara mini da buroshi, ƙarami, na kumfa."

"Na fenti gare ni."

"Shi nake nufi."

Da hantsi ya kafa madubin Saudatu a jikin randa, ya murza sabulun wanki ya shafe kumatu da buroshin fenti. Ya ɗaga ƙarfen tsaye, ya danna, ya ja. Ƙarar da ta fito irin ta kankarar ƙanzo ce a tukunya. Ya tsaya, ya dubi madubi, ya ga wani jan layi ya taso a cikin farar kumfa. Ya ce hannunsa ne bai ɗumama ba, ya sake ja. Kafin ya gama kumatu biyu ya ƙarar da audugar da Saudatu ta ajiye don kunnen 'yarsu Raliya.

Saudatu ta fito daga madafi ta tsaya a kansa.

"Baban Raliya, gonar auduga ka buɗe a fuska?"

"Gashin ne yake fita da saiwarsa. Haka askin manya yake."

"Saiwar ce ja haka?"

"Matsalar fatata ce. Ta yi laushi da yawa. An ƙera ƙarfen ne don gemu mai tauri."

Kwana uku Mudi yana yawo da takunkumi, yana ce wa mutane mura yake yi. A kwana na huɗu ya ce abin da ya rage masa atisaye ne kawai. Ya ɗauko kankanar da Saudatu ta saya, ya shafe ta da kumfa, ya zaunar da ita a kan turmi, har yana ce mata ta ɗan karkato. Da Saudatu ta dawo daga maƙwabta sai ta tarar da kankana tana zubar da ruwa ta wuri bakwai, kaji sun kewaye ta.

"Ita ma fatarta ce ta yi laushi?"

"Ba ta nuna daidai ba," in ji Mudi.

Ya nemi mai ba shi kai a unguwa, har ya ce kyauta ne. Kowa ya tuna da fanka. Wani ya ce ya yi alwashin tara gemu, wani ya ce likita ya hana shi aski. Mai shayi, wanda kansa yake a aske ƙwal tun da aka san shi, ya fara sa hula har kunne.

Ana cikin haka ranar bikin Zakir ta matso. Zakir ƙanin Saudatu ne, autan gidansu a Gashua, malamin makaranta, saurayi mai son gayu. Wata takwas ya yi yana rainon gemu da saje saboda wannan rana, yana shafa musu mai safe da yamma, yana taje su da ɗan mataji da ba ya rabuwa da aljihunsa. Yarinyar da zai aura sunanta Nabila. Babban wansu, Alhaji Abbagana, dillalin tattasai da attaruhu a unguwar Katuzu, shi ne uban biki.

Ranar Juma'a da za su tafi, Saudatu ta ga Mudi yana cusa ɗan akwatin a aljihun babbar riga.

"Ina za ka da wannan?"

"Gudummawata ce."

"Don Allah ka bar shi a gida. Garinmu ne. Can aka binne cibiyata."

"Ba zan taɓa kowa ba sai an roƙe ni."

A cikin mota, tun kafin su kai Jajimaji, fasinjoji sun san tarihin sarkin tasha, har Baturen ya samu ƙarin girma ya zama gwamna.

Ranar Asabar ƙarfe goma za a ɗaura aure. Da ƙarfe takwas Zakir ya dawo daga shagon aski fuska a murtuke. Babu wuta tun jiya, janareton mai shagon kuma ya ƙi tashi, kilifar caji ta mutu a kan wani mutum da aka bari da rabin kai. Abokan ango sun tafi ɗauko kujeru. Baƙi sun fara taruwa a rumfar ƙofar gida.

"Layi kawai nake so a gyara mini," in ji Zakir, yana shafa sajensa. "Nan da nan, sai ƙarƙashin wuya."

Mudi ya miƙe daga tabarma a hankali, ya gyara wuyan riga.

"Zakir, Allah yana sonka."

"Ya Mudi, ka iya kuwa?"

"Ni kake tambaya? Ka tambayi Nguru."

Da Zakir ya tambayi Nguru da ya tsira. Amma Saudatu tana can ƙuryar gida cikin mata, lokaci kuma yana tafiya. Ya ce to, su shiga ɗaki.

"Wane ɗaki? Askin manya a sarari ake yin sa. A fito da kujera."

Aka ajiye kujera a tsakiyar rumfa. Mudi ya leƙa zaure na biyu inda mata suke markaɗen kayan miyar biki, ya ga wani ɗan kwanon silba a ajiye kusa da injin markaɗe, ya ɗauke ba tare da ya tambayi kowa ba. Ya ga ɗan ja-ja a gindinsa, ya sa yatsa ya goge, ya jefa sabulu, ya zuba ruwa, ya shiga kaɗawa da buroshin fenti. Sannan ya yafa wa ango tawul, ya ɗaga ƙarfen sama yadda rana za ta haska shi.

"Jama'ar Gashua, yau za ku ga abin da kakanninku ba su gani ba. Wannan ƙarfe ya aske gwamnoni uku."

"Jiya a mota ɗaya ka ce," in ji wani baƙo da suka zo tare daga Nguru.

"Ɗaya na ambata. Sauran biyun ba su so a faɗa."

Ya lafta wa Zakir kumfa tun daga kunne har maƙogwaro. Zakir ya dubi buroshin ta wutsiyar ido.

"Ya Mudi, me ya sa kumfar take ja-ja?"

"Haka ta Ingila take."

"Ina jin ɗumi-ɗumi."

"Aikinta ke nan. Tana buɗe ƙofofin gashi. Daina magana, kana motsa mini kumatu."

Ya ɗora ƙarfen a kan sajen dama, tsaye, ya danna, ya ja. Layi aka ce ya gyara, amma da ya ɗaga hannu sai ga wata hanya fetal a tsakiyar saje, mai faɗin yatsa biyu. Jama'ar rumfa suka miƙa wuya. Wani dattijo ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Lafiya?" in ji Zakir.

"Lafiya lau. Dama ta ɗan fi hagu ƙasa. Bari in daidaita."

Ya koma hagu. Ya ja. Yanzu hagu ta fi dama ƙasa. Ya dawo dama. Ya ja da baya ya karkata kai, ya rufe ido ɗaya yana aunawa kamar magini, ya sake komawa hagu. Gashi yana zuba kan tawul dunƙule-dunƙule, tare da ɗigo-ɗigon da ba na kumfa ba.

"A ba ni madubi," in ji Zakir.

"Ba a duba madubi a tsakiyar aiki. Yana kawo rashin sa'a."

"Malam," in ji dattijon mai tabarau, "ko ka tsaya haka nan? Yaron nan yana zubar da jini."

"Gurɓataccen jini ne, Alhaji. Wanzamai ƙaho suke sawa su cire shi, wannan ƙarfe yana haɗa biyun a lokaci guda."

Mudi ya ga jinin yana neman ba shi kunya, sai ya yanke shawarar rufe shi. Ya tsoma buroshi har gindin kwano, ya kwaso mai kauri, ya shafe duk inda ya yanka.

Zakir ya damƙe gefen kujera. Idanunsa suka kawo ruwa. Ƙafarsa ta dama ta fara rawa ita kaɗai.

"Ya Mudi. A ina ka samo kwanon nan?"

"Kusa da injin markaɗe."

Daidai nan wata mata ta leƙo daga zaure tana tambaya, "Wai wa ya ɗauke mini kwanon da nake awon attaruhu?"

Zakir bai jira jin amsa ba. Ya tashi da kujera da tawul da komai, ya bangaje Mudi, ya yi cikin gida. Mata suna zaune a tsakar gida ana ƙulla alkaki da nakiya a leda, sai ga mutum ya faɗo musu fuska duk kumfa yana kururuwar ruwa. Suka watse. Ya nufi randa, ya tarar an kwashe ruwan an kai wurin girki. Ya juya, idonsa ya faɗa kan wani babban baho cike da zoɓo da ƙanƙara, wanda aka kwana biyu ana shiri don baƙi. Ya durƙusa ya tsoma kai har wuya.

Da ya ɗago, ja yana zuba daga fuskarsa zuwa farar shaddarsa. Gwaggonsu Suwaibatu, wadda idonta ba ya gani sosai, ta dube shi sau ɗaya ta ɗora hannu a ka.

"Innalillahi! An yanka ango!"

Maganar ta fita ƙofar gida kafin a kama ta. Masu kiɗa da suka iso yanzu suka ajiye ganguna. Abokan ango suka watsar da kujeru a hanya suka rugo. Wata maƙwabciya ta fara kuka tana faɗin kirkin marigayin, yadda yake gaishe ta kullum.

Alhaji Abbagana ya ratsa taron ya shigo. Mutum ne mai jiki, ba ya ɗaga murya, kuma ba ya maimaita magana. Ya kama haɓar ƙaninsa, ya juya ta dama, ya juya ta hagu. Rabin saje a nan, tsibirin gashi a can, gemun kuma ya koma gefe guda kamar iska ta kaɗa shi.

"Wa ya yi wannan?"

Saudatu ce ta amsa daga bayan mata, murya ƙasa-ƙasa. "Yaya, ba sai an bincika ba."

"Ina yake?"

Aka duba rumfa, babu Mudi. Takalminsa ɗaya yana nan, da kwano, da buroshi.

Alhaji ya ce a bar shi tukuna, lokaci ya ƙure. Aka kira wani wanzami daga bakin kasuwa. Mutumin ya zagaya Zakir sau biyu, ya ce shi a aikinsa bai taɓa ganin inda aka yi wa mutum kaciya a kumatu ba, kuma babu abin da za a iya cetowa. Ya sa aska ya share komai. Rainon wata takwas ya tafi cikin minti biyar. Abin da ya rage wata 'yar fuska ce sumul, a kumbure, da filasta guda shida, kamar ɗan aji uku da ya faɗo daga keke.

A wurin ɗaurin aure kawun amarya ya zo gaisawa. Ya miƙa wa Zakir hannu, ya leƙa bayansa.

"Yaro, ina yayanka ango?"

"Ni ne, Kawu."

"Wanda ya zo gaishe ni da gemu fa?"

"Shi ne ni."

Kawun ya juya wurin Alhaji Abbagana. "Alhaji, mu fa wancan muka ba wa. In canji aka yi a gaya mana."

Sai da liman ya sa baki, Zakir ya fito da katin shaidarsa na makaranta, sannan aka shafa fatiha. Mai hoto ya ce ango ya yi murmushi, ango ya ce ba zai iya ba, filasta za ta ɓalle.

Bayan an dawo gida ana shirin cin abinci, sai aka ji atishawa daga sito, inda Alhaji yake jibge buhunan busasshen tattasai. Aka kasa kunne. Aka sake jin wata, da wata, har bakwai a jere. Alhaji ya sa aka buɗe ƙofa. Ga Mudi a tsugune tsakanin buhuna, ido jawur, hanci yana zuba, ƙarfen aski a ƙirji ya rungume shi.

"Ina duba muku ingancin kaya ne," in ji shi, ya sake atishawa.

Aka fito da shi rumfa, aka zaunar da shi a kujerar da ango ya zauna ɗazu. Saudatu ta fito har bakin zaure, mayafi a ka, ta tsaya.

"Mudi," in ji Alhaji, "me ƙanina ya yi maka?"

"Yaya Alhaji, a yi adalci. Ƙarfe ba shi da laifi, ni ma ba ni da shi. Yaron ne ya cika motsi. Sannan attaruhun Gashua ya fi ƙa'ida zafi. Da na Nguru ne da ko ji ba zai yi ba."

"Wato laifin attaruhuna ne."

"Yabo ne, Yaya Alhaji."

Ana haka wayar Zakir ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga amarya, wadda ƙawayenta suka riga suka tura mata hoton. Ya danna, bai lura wayar tana kan lasifika ba. Aka fara jin dariyar 'yan mata, sannan muryar Nabila.

"Sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Amma in gaya maka gaskiya, dama gemun nan bai taɓa yi mini ba. Na ga kana wahala a kansa ne na kasa faɗa. Haka ka fi kyau, in an cire filastar."

Zakir ya tsaya da waya a hannu, baki buɗe. Mudi kuwa tuni ya miƙe tsaye.

"Kun ji ko? Kun ji da kunnenku? Tun da na ga gemun nan na san zai kawo matsala a gidan aure. Abin da amarya ta kasa faɗa wata takwas, ni na gyara shi kafin a shafa fatiha. Ba na son godiya. Amma tunda ƙarfe ya ɗumama, wa ke biye?" Ya dubi gemun Alhaji Abbagana, fari tas, har ƙirji. "Yaya Alhaji, naka ma hagu ta ɗan fi dama."

Dattawan da ke kusa suka ja da baya, kowa hannu a haɓa.

Alhaji ya miƙa hannu. "Kawo in gani."

Mudi ya miƙa masa da hannu biyu yana murmushi. Alhaji ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya miƙa wa Zakir.

"Mijin yayarka ne, akwai wasa tsakaninku. Tunda alheri ya yi maka, rama masa."

Mudi yana da gashin baki mai kauri, baƙi wuluk, wanda yake murɗe ƙarshensa sama duk lokacin da zai ce ya iya. Ko a ranar audugar bai yarda ƙarfen ya kusance shi ba. Yanzu ya rufe shi da tafin hannu.

"Ai ba kowa yake iya riƙe shi ba. Sai wanda ya gada."

"Na ga yadda ake yi," in ji Zakir.

Abokan ango huɗu suka dafa shi a kujera, cikin ladabi, ɗaya ma yana ce masa sannu. Mudi ya hango kwanon silba a ƙasa, ya ce shi a bushe ya fi so. Wanzamin bakin kasuwa, da ya tsaya cin shinkafar biki, ya matso ya ga rezar da ke ciki, ya girgiza kai, ya kama hannun Zakir ya kwantar masa da kan ƙarfen a jikin fata, ya ce kada ya danna. Zakir ya ja a hankali, sau uku. Gefen hagu na gashin bakin ya sauka a cinyar Mudi gaba ɗayansa, ko ƙwarzane babu.

"Ashe ƙarfen yana aski," in ji dattijon mai tabarau.

Zakir ya ja da baya, ya karkata kai, ya rufe ido ɗaya. Sannan ya goge ƙarfen a tawul ya miƙa wa yayansa.

"Saura ɗaya gefen," in ji Mudi.

"Sai ranar suna," in ji Zakir.

Rumfar ta kwashe da dariya. Har liman sai da ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Alhaji Abbagana ya jefa ƙarfen a aljihu ya ce zai ajiye shi amana har ranar. Ya ƙara da cewa direbansa yana kai kaya Nguru duk mako, zai riƙa biyawa ta rumfar kifi yana dubawa. In aka tarar an taɓa gefen da ya rage, ko an rufe shi da takunkumi, to Saudatu za ta zo ganin gida, kuma shi ba ya gaggawar mayar da baƙo.

Washegari da safe suka shiga motar Nguru. Mudi ya zauna a jikin taga, ya juya gefen da aka aske wajen Saudatu don kada mutanen tasha su gani. Kwandasta ya leƙo, ya dube shi, ya fita, ya kira direba shi ma ya zo ya gani. Wata tsohuwa a kujerar gaba ta waiwayo ta tambaya ko ciwo ne.

"Yayi ne, Hajiya," in ji Mudi. "Bai iso nan ba tukuna. Ni na fara kawo shi."

Mota ta fita daga gari, gonakin shinkafa suka fara wucewa. Saudatu ta dube shi, ta kawar da kai, ta sake dubansa. Sannan ta taɓa kafaɗar direba ta ce ya ɗan tsaya.

"Lafiya?" in ji Mudi.

"Sauka mu canza wuri, Baban Raliya. Ka dawo ta nan, in riƙa ganin gefen da na aura."